Tarago na kwali, na kit ko wanda za ka yanka da hannunka: wanne ya kamata ka fara da shi?

Duk wanda sha'awar ƙananan jiragen ƙasa ta kama shi, kan jirgi yake fara kallo, shi ne mai fitila da ƙara da tsada, amma gaskiya aikin hannu na wannan harka a taragu yake. Kan jirgi ɗaya ya ishe ka shekara da shekaru, taragu kuwa sai ka tara ashirin talatin kafin jirginka ya yi kama da jirgin kaya na gaske, to a nan ne tambaya take tasowa, shin ka sayi waɗanda aka gama a kamfani suke zuwa a kwali ka ɗora a kan dogo kawai, ko ka sayi kit na roba ka haɗa ka yi fenti, ko kuwa ka nemi falankin roba da reza ka ƙera daga farko. Akwai kuma na tagulla da na firinta mai fitar da siffa, su ma zan taɓa su. Ni dai ra'ayina a fili yake tun yanzu, kit na roba shi ne ƙofar shiga, amma bari in faɗi dalili, don akwai mutanen da ba zai dace da su ba.

Kafin komai sai ka san girman da za ka bi, don idan ka haɗa kaya masu girma daban-daban asara ce. A Ingila abin da ya fi yawa shi ne OO, wato kashi 1 cikin 76, kowace ƙafa ɗaya ta tarago na gaske milimita 4 ce a ƙarami, faɗin dogonsa milimita 16.5. A Amurka da Jamus da sauran Turai HO ne, kashi 1 cikin 87, shi ma dogonsa 16.5 ɗin ne, shi ya sa mutum zai ga taragon OO ya hau dogon HO lafiya lau ya ɗauka abu ɗaya ne, sai ya jera su ya ga ɗaya ya fi ɗaya ƙiba. Akwai N mai dogo milimita 9, ƙarami sosai, yana da daɗi ga wanda ɗakinsa babu fili, amma haɗa kit ɗinsa sai mai ido da haƙuri. Akwai O mai dogo milimita 32, wannan kam komai kana ganinsa kana riƙe shi da yatsa, sai dai kuɗinsa da wurin ajiyarsa. Ga mai farawa OO ko HO, nan kaya suka fi yawa, nan kuma na hannu suka fi sauƙin samu.

To mu fara da na kwali, wanda aka gama. Kamfanoni irin su Hornby, Bachmann, Dapol, Accurascale da Rapido a ɓangaren Ingila, Roco, Piko da Märklin a Turai, Athearn da Walthers a Amurka, abin da suke fitarwa yanzu wallahi sai ka riƙe baki. Rubutun jikin tarago da ba za ka iya karantawa ba sai da gilashin ƙara girma, sandunan birki siriri, tayoyin ƙarfe, mahaɗa a cikin aljihunta na NEM, wato ma'aunin bai ɗaya na Turai, da za ka zare ka sauya da wata. Babu wanda zai zauna da burushi a gida ya yi rubutu mai tsafta irin wannan, kar wani ya ruɗe ka. Kuma yana gudu daidai tun daga kwali, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda yaransa suke jira su ga jirgi yana zagaye yau ba gobe ba. Matsalarsa biyu zuwa uku. Kuɗi na farko, ƙaramin tarago mai taya huɗu a Ingila yawanci yana kaiwa fam 20 zuwa 30, ka lissafa da canjin naira da kuɗin kawowa sannan ka ninka sau ashirin. Na biyu kwalinsa babba ne, wanda zai taho maka da shi a jaka ba zai ɗauko da yawa ba. Na uku, kuma wannan ya fi damuna, hannunka yana rawa idan za ka taɓa shi, abin da ka saya da tsada ba za ka yarda ka shafa masa tsatsa da ƙura ba, sai ya zauna yana ƙyalli tamkar bai taɓa ɗaukar kaya ba, alhali taragon kaya mai tsafta ba a cika ganinsa a duniya ba. Kuma ba ka koyi komai ba, ranar da bafa, wato abin tare karo da ke goshin tarago, ta karye ko taya ta fita ba ka san ta inda aka shiga ba.

Kit na roba kuwa, ɗan leda ne ko ƙaramin kwali, a ciki akwai ɓangarori a manne da firam ɗinsu, gefe biyu, goshi biyu, daɓe, sandunan ƙasa masu ɗauke da akwatin taya da sifirin, birki, bafa, wasu har da tayoyi da sitikar rubutu. Sunan da za ka fi ji shi ne Parkside, asalinsa kamfani ne a Kirkcaldy ta Sikotilan, a 2017 Peco suka karɓi taragunsa suka ci gaba da yi. Akwai Cambrian, akwai Ratio wanda shi ma na Peco ne, akwai Slater's musamman a girman O, sannan tsofaffin kit ɗin Airfix na shekarun 1960 da suka koma hannun Dapol, waɗannan sun tsufa amma har yanzu mutane na haɗa su suna gyarawa. A HO na Amurka akwai Accurail mai sauƙi ƙwarai, da Tichy mai ƙananan ɓangarori da yawa. Kuɗin kit kusan rabin na kwali ne, kuma goma za su shige cikin ambulan ɗaya.

Idan za ka zaɓi na farko, nemi taragon kwal na ƙarfe mai ɗaukar tan 16 na British Railways, tsohuwar hukumar jiragen ƙasa ta Ingila. An ƙera irinsa sama da dubu 200 a shekarun 1950, akwati ne kawai mai ƙofofi, tsawonsa a OO milimita 66, babu taga babu rufi mai lanƙwasa, fentinsa kala ɗaya, toka-toka ga waɗanda ba su da birki mai aiki da tsotsar iska, ja mai duhu kalar ƙasa ga masu shi. Kuma abin da ya sa nake son sa, a rayuwarsa ta gaske ya sha duka, kwal ya goge shi, tsatsa ta cinye shi, an yi masa faci, don haka ko hannunka ya ɗan kauce wajen fenti sai abin ya zama ado.

Kayan aikin ba su da yawa, reza mai kaifi, ƙaramin magagari, sanfefa mai laushi, matsefata, ƙaramar sukwaya, guntun gilashi mai faɗi, da gam ɗin roba na ruwa irin Tamiya Extra Thin ko Revell Contacta. Shi wannan gam ba manne yake yi ba, narka fuskar robar yake yi su zama ɗaya, shi ya sa ba a zuba shi da yawa, ka haɗa ɓangarorin a bushe tukuna sannan ka taɓa bakin burushi a tsagin ya bi da kansa. Supagulu na kanti zai yi a inda roba ta haɗu da ƙarfe, amma kar ka haɗa jikin tarago da shi, yana kamawa nan take ba ya ba ka damar gyara, kuma yana barin farin hazo. Inda ake cin nasara ko a fāɗi shi ne ƙasan taragon. Ka sa ƙananan kofunan tagulla a ramin akwatin taya, rami ne na milimita 2, ka manna sanda ɗaya ta bushe, sannan ka sa tayoyi ka kawo ta biyu, tun gam bai kama ba ka ɗora taragon a kan gilashi ka ga ko duk tayoyi huɗu sun taɓa ƙasa. In ɗaya tana lilo, taragon nan zai riƙa sauka daga dogo har abada, komai kyan fentinsa. Tsakanin bayan taya da bayan taya a OO kusan milimita 14.5 ake so, akwai ɗan ma'aunin ƙarfe da ake sayarwa don wannan, ka saya, ba shi da tsada. Sai nauyi, kit ba shi da nauyi ko kaɗan, da yawa daga masu harkar suna kai tarago mai taya huɗu wajen giram 40 zuwa 50, abin da ya fi muhimmanci dai duk taragunka su yi kusan nauyi ɗaya, don mara nauyi a tsakiyar masu nauyi shi ake fizgewa a kwana. Ƙananan ƙarafan nan masu gam a baya da ake sa wa tayar mota wajen balansin, masu giram 5 da 10, sun yi daidai. In kuma dalma za ka sa, kar ka manne ta da farin gam na kafinta, a hankali suna cin juna dalmar ta kumbura ta fasa taragon bayan shekaru.

Wanda kit ba zai yi masa ba shi ne wanda idonsa ya raunana sosai ko hannunsa na rawa, shi gara ya koma girman O ko ya sayi na kwali ya tsaya a fenti da tsufarwa, wato shafa wa tarago tsatsa da ƙura ya yi kamar ya sha aiki, wannan ma fage ne babba. Haka wanda abin da yake so shi ne taragun fasinja na zamani masu gilasai da layukan fenti kala uku, na kwali ya fi masa nesa ba kusa ba.

Na tagulla ba zan daɗe a kansa ba. Falle ne na tagulla da aka zana da sinadari, kai za ka lanƙwasa ka liƙe da dalma kamar yadda masu gyaran rediyo suke yi, ana amfani da dalma mai narkewa a digiri 188 da mai 145, a fara da mai zafi a ƙare da mai sanyi don kar aikin farko ya warware, ƙananan sassa na farin ƙarfe kuma da mai digiri 70 tunda su kansu zafi kaɗan ke narka su. Sakamakon yana da kyau matuƙa, gefuna siriri kamar na gaske, ga ƙarko, zafin mota ko na ɗaki ba ya lanƙwasa shi. Amma tsada, lokaci, da buƙatar wuta tsayayya sun sa ba wurin farawa ba ne. Bayan ka haɗa na roba da dama sai ka leƙa.

Yanzu ga inda abin ya shafe mu kai tsaye. Mafi yawanmu abin da ke ranmu ba taragon kwal na Ingila ba ne, jirgin da muka sani ne, wanda ya iso Kano a 1911, ya kai Kaura Namoda a 1929 da Nguru a 1930, ya kai Maiduguri a 1964, wanda ya kwashi gyaɗa daga dala zuwa Ikko, da auduga da fatu da shanu. To ba za ka shiga shagon manyan kamfanonin nan ka ce a ba ka taragon Nijeriya ba. Tsohon dogonmu faɗinsa ƙafa 3 da inci 6 ne, milimita 1067, ya fi na Ingila da sabon layin Abuja zuwa Kaduna ƙanƙanta, su 1435 ne. Taragunmu kuma mahaɗa ɗaya ce a tsakiya, babu bafa biyu a gefe irin na Ingila, kuma yawancinsu dogaye ne masu bogi biyu, wato ƙananan firam masu juyawa da ke ɗauke da tayoyi. Ka ga ko ka shafa wa taragon Parkside fenti ka rubuta NRC, sunan hukumar jiragen ƙasa ta Nijeriya, a jikinsa, wanda ya san tasha zai gane ba namu ba ne.

Hanya biyu ce a nan, ka yanka da hannu ko ka buga da firinta, kuma kafin su sai ka yi lissafin dogo. In ka raba 1067 da 87 za ka samu 12 da ɗan kai, wato jikin HO a kan dogo mai milimita 12, irin wanda ake kira HOm, Peco suna yin dogonsa, Bemo na Jamus suna yin jiragen Suwizalan a kansa. In ka raba da 64 za ka samu kusan 16.7, wato za ka yi amfani da dogon HO na gama-gari da tayoyinsa da injinansa amma jikin taragon ya fi girma, wannan dabarar mutanen Niyu Zilan da wasu a Ostireliya suka daɗe suna bi tunda dogonsu irin namu ne. In ka raba da 120 kuma sai ka faɗa kan dogon N. Ni kashi 1 cikin 64 nake ba mutum shawara, saboda taya da bogi da dogo duk na HO ne masu arha, kuma girman ya isa ka yanka ƙofa da sandunanta ba tare da ido ya yi ruwa ba. Wanda kuma ƙaramin jirgin nan na Zariya zuwa Jos yake burge shi, mai dogo mai faɗin ƙafa 2 da inci 6 da aka rufe a 1957, jikin HO a kan dogo mai milimita 9 ya yi masa daidai.

Yanka da hannu falankin roba ake yi da shi, Plastikard na Slater's ko Evergreen, milimita 1 don daɓe da bango, rabin milimita don ƙofofi da faci, kwata don ƙananan sanduna. Ba a yanke shi gaba ɗaya, ka ja reza sau biyu uku a kan layi ka karya, sai ya rabu tsaf. In babu na waje, duba robobin da ke da alamar PS da lamba 6 a gindinsu, gam ɗin roba yana kama su. Farin allon nan mai taushi da masu allon talla da ɗaliban zanen gini suke amfani da shi wani iri ne daban, gam ɗin roba ba ya narka shi, sai supagulu, yana da kyau wajen gine-ginen tasha amma ya yi kauri ga tarago. Wahalar wannan hanya maimaici ne, tarago ɗaya daɗi, guda goma iri ɗaya kuwa sai ka yi ma'aunin yanka na katako, in ba haka ba kowanne da tsawonsa. Daɗinta kuma ba ta buƙatar wuta, ba ta buƙatar kwamfuta, kuma duk abin da ya karye kai ka san yadda aka yi shi.

Firinta ita maimaici ne ƙarfinta, ka zana sau ɗaya a kwamfuta ka buga ashirin, har kan ƙusoshi da sifirin. Amma a bambanta iri biyu. Mai zaren roba tana barin layi-layi a jiki da sai ka sha gogewa, kuma robar PLA tana fara laushi wajen digiri 60, mota a rufe a ranar watan Afrilu ta isa ta lanƙwasa maka aiki. Mai ruwan rezin ita ce ke fitar da ƙananan abubuwa tsaf, sai dai abin da ta fitar yana da gautsi, in ya faɗi matakala da sandar birki sun tafi, dogon daɓe yana iya bauɗewa, ruwan kansa ba a taɓa shi da hannu tsirara, sai an wanke da sifirit an gasa da hasken UV, kuma bugu ɗaya yana ɗaukar awanni, in wuta ta ɗauke a tsakiya an yi asara sai in kana da sola. Abin da na ga ya fi hankali shi ne a raba aiki, jiki da daɓe da falankin roba, bogi da akwatin taya da mahaɗa a ba mai firinta. Ko ta wace hanya dai, wanda bai taɓa haɗa kit ba zai sha wuya, don a kit ne kake gane yadda ake jera tarago, ina ƙarfinsa yake, me ya sa yake gudu.

Saura fenti, kuma nan ma zaɓi ne, na mai ko na ruwa. Na mai irin Humbrol na ƙaramin gwangwani mai mililita 14, ko Phoenix Precision mai kalolin kamfanonin jirgin Ingila, yana kwanciya sumul da burushi, yana da ƙarko, yana ba ka lokaci ka gyara. Amma sai ka jira wajen awa 6 kafin shafi na biyu, yini guda kafin ya bushe sosai, kuma a lokacin hunturu duk ƙurar da ke yawo a ɗaki a kansa za ta sauka, dole ka kife masa roba. Ga wari, ga shi yana cikin kayan da ke kama wuta, masu aiko da kaya ta jirgin sama da yawa ba sa karɓarsa. Na ruwa irin Vallejo da Tamiya minti kaɗan ya bushe, ba wari sosai, Vallejo da ruwa ma kake wanke burushi, matsalarsa ita ce saurin nasa, a busasshiyar iska yana bushewa a bakin burushi tun kafin ka kai ƙarshen gefe, kuma ba ya kama roba tsirara da kyau. Maganinsa ka wanke taragon da sabulu ya bushe, ka fesa faraima, wato shafin farko, siriri, ka tsinka fentin ya koma kamar madara, ka yi shafi uku marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri, ka ajiye fentin da kake aiki da shi a kan jiƙaƙƙen soso da takarda a sama. A yanayinmu na ruwa ya fi, ban da wata-wata. Abu ɗaya da zan roƙe ka, tinar masu fentin mota kar ta kusanci taragonka, tana cin roba, faraimar gwangwani ma ka gwada a kan ragowar firam tukuna ka fesa daga nesa.

Bindigar feshi ƙarama tana da kyau ga taragun fasinja da manyan gefuna, amma tana son kwamfaresa da wuta da wanki kullum, ga taragon kaya burushi mai faɗi mai laushi ya wadatar, kuɗin bindigar ka sayi kit da su.

Sitikar rubutu ta ruwa tana son fuska mai sheƙi, in ka ɗora ta a kan fenti mara sheƙi iska na maƙalewa a ƙarƙashi ta yi fari-fari, don haka ɗan banish mai sheƙi a wurin, sitika, sannan banish mara sheƙi a rufe duka. Daga nan sai tsufarwa, kuma a nan hoto ne malaminka, ka sa hoton tarago na gaske a gabanka kar ka yi daga ka. Tsatsa ba lemo ba ce, tsohuwa ruwan ƙasa ce mai duhu, sabuwa ce kawai ke da haske kuma kaɗan ce, ka tsoma guntun soso a fenti ka goge kusan duka a takarda sannan ka ɗan daddanna a gefuna da ƙofofi inda kaya ke gogawa. Ruwan fenti baƙi-baƙi tsinkakke ka bari ya bi tsaguna, garin alli mai kala ka shafa da busasshen burushi daga sama zuwa ƙasa yadda ruwan sama ke gangarowa. Taragon Ingila baƙin kwal da toka ne ke hawansa, namu kuwa rana ce ke kashe fentin ya koɗe, sai jar ƙasa ta kwanta a bogi da ƙasan bango, rufin ya fi ko'ina koɗewa, akwatin taya kuma baƙi ne da maiƙo. In kana son awo na gaske, tsofaffin taragu na nan a ajiye a tashoshi irin Zariya da Kafanchan da Kano, akwai kuma gidan tarihin jirgin ƙasa na Jaekel House a Ebute Metta, ka nemi izinin ma'aikata kafin ka ɗauki hoto ko ka miƙa tef, ka auna tsawo da faɗi da tazarar tsakiyar bogi zuwa tsakiyar bogi, ka ɗauki gefe da goshi a miƙe ba a karkace ba, sauran awon daga hoton za ka fitar da su.